Lissafina a R yana kwana bai ƙare ba: kwamfuta zan sauya ko yaren shiri?

Wani mai nazarin ƙididdiga ya aiko da tambaya cewa yana da jadawalin bayanai mai layuka kusan miliyan 10 da ginshiƙai 20 a cikin fayil na CSV, kuma layukan sun kasu rukuni-rukuni har kusan 50,000. Shirin da ya rubuta a R, yaren shirin kwamfuta na masu ƙididdiga, yana bin rukunan ɗaya bayan ɗaya da zagayen for, yana zaƙulo layukan kowane rukuni, yana fitar da matsakaici da ma'aunin warwatsuwa, sannan yana manna sakamakon a ƙasan wani jadawali da rbind. Aikin yana cin sa'o'i, wani lokaci ma yana tsayawa saboda ma'ajiyar RAM ta cika. Abin da yake son sani shi ne ko ya sayi kwamfuta mai ƙarfi, ko kuwa ya koyi C++ ya sake rubuta komai.

Malam mai tambaya, a ganina ba ɗaya daga cikin biyun da ya kamata ka yi yanzu. Daga bayanin da ka yi, lissafin ƙididdigar kansa bai ci komai daga lokacinka ba, domin fitar da matsakaicin lambobi miliyan 10 abu ne da kowace kwamfutar zamani take gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Lokacin yana tafiya ne a kan kwafe bayanai daga wannan wuri na ma'ajiya zuwa wancan, da kuma maimaita neman abin da aka riga aka nema. Kwamfutar da ta ninka taka sauri sau biyu za ta mayar da sa'o'i shida su zama uku, alhali gyaran tsarin shirin yana iya mayar da su 'yan daƙiƙoƙi.

Kafin ka taɓa layi ko ɗaya, ka auna. Masu wannan sana'a sun sha ɓata yini guda suna goge wani sashe da suka zata shi ne matsalar, daga baya awo ya nuna musu cewa sashen bai kai kashi biyu cikin ɗari na lokacin ba, kuma ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin fiye da sau ɗaya. R yana zuwa da system.time domin auna tsawon lokacin wani sashe, da kuma Rprof wanda yake leƙa shirin a kai a kai yana rubuta umarnin da ya tarar ana gudanarwa. Ƙunshin profvis yana ɗaukar wannan bayani ya zana maka shi kusa da kowane layi na rubutunka, tare da yawan ma'ajiyar da layin ya nema. Ka yi wannan awo a kan yanki na bayanan, misali layuka 100,000, sannan ka ninka su zuwa 200,000 ka sake aunawa. Idan lokacin ya ninka sau biyu, nauyin yana ƙaruwa daidai da girman bayanai. Idan ya ninka sau huɗu, to akwai wani wuri da aikin yake ƙaruwa da murabba'in girman, kuma can ne ciwon yake. Ina kyautata zaton abu na biyun za ka gani.

Babban dalilin wannan zato nawa shi ne rbind da ke cikin zagayen. A R, jerin lambobi yana zaune ne a wuri guda a jere cikin ma'ajiya, kuma ba a tanadar masa fili a bayansa ba. Idan ka rubuta x <- c(x, sabo), R ba ya liƙa sabuwar lambar a ƙarshen tsohon jerin. Yana neman sabon fili mai girman tsohon da ƙari ɗaya, ya kwafe duk abin da ke ciki, ya ajiye sabuwar lambar, sannan ya bar tsohon filin ga mai kwashe shara. A zagaye na farko kwafi ɗaya ne, a na dubu kwafi dubu ne, kuma jimillar ita ce n(n+1)/2. Idan n ya kai 100,000, an kwafe lambobi kusan biliyan 5, kuma tunda kowace lamba mai ɗigo tana cin bayit 8, an yi ta jigilar gigabayit 40 domin a gina jerin da girmansa bai kai megabayit ɗaya ba. Da jadawali abin ya fi muni, saboda a kowane kira rbind sai ya daidaita sunayen ginshiƙai, ya duba nau'in kowannensu, ya haɗa matakan factor, wato ginshiƙi mai ɗauke da sunayen rukunai, ya kuma gina sunayen layuka, ban da kwafin kansa. Maganin mai sauƙi ne: ka tanadi wurin tun farko da vector("list", n), kowane zagaye ya ajiye sakamakonsa a gurbinsa, sannan a haɗa su sau ɗaya tak a ƙarshe da rbindlist na ƙunshin data.table. Wannan cuta ba ta R kaɗai ba ce. Masu kula da pandas, ƙunshin sarrafa jadawali a yaren Python, sun cire umarnin append na jadawali gaba ɗaya a fitowa ta 2.0 a shekarar 2023, kuma hanyar da aka bar wa jama'a ita ce tara gutsattsarin a haɗa su da concat sau ɗaya.

Kwafin yana da wata fuska da ba a cika lura da ita ba. R yana bin ƙa'idar cewa idan sunaye biyu suna nuni ga abu ɗaya, ba a kwafe shi sai lokacin da ɗayansu ya nemi sauya shi. Ƙa'idar tana kare ka daga kurakurai masu yawa, amma tana nufin cewa layi mai kama da gyaran lamba ɗaya, kamar sauya ƙima a layi na i na wani ginshiƙi, yana iya jawo kwafin ginshiƙin baki ɗaya. Umarnin tracemem zai sanar da kai duk lokacin da aka kwafe abin da ka sa masa ido, kuma mutane da yawa sukan yi mamakin yawan saƙon da yake fitarwa. Tun fitowa ta 4.0.0 a 2020, R yana ƙirga masu nuni ga kowane abu daidai, wanda ya rage kwafin banza, amma bai kawar da shi ba.

Yanzu sai batun zagayen kansa, wanda aka fi yi masa ƙazafi. R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990 bisa tsarin yaren S na John Chambers, yare ne mai aiki da tafinta. Duk umarnin da ka ba shi sai tafintan ya nemo ma'anar kowane suna, ya duba nau'in abin da ke hannunsa, ya zaɓi hanyar da ta dace, kafin a yi lissafin. Idan ka tara lambobi miliyan 10 ɗaya-ɗaya, ka biya ladan tafinta sau miliyan 10. Idan ka rubuta sum(x), ka biya sau ɗaya, sauran aikin kuma yana gudana a cikin yaren C inda babu tafinta. Wannan shi ne sirrin yin lissafi a kan jeri baki ɗaya, kuma shi ya sa rowSums, colMeans, cumsum, pmax, tabulate da rowsum suka cancanci a san su kamar tafin hannu. Amma akwai gyara biyu ga abin da ake yawan faɗa, cewa zagayen for ba shi da sauri kuma apply da sapply ne maganinsa. Na farko, apply da sapply ba su kuɓutar da kai daga tafinta ba, domin umarnin da ka miƙa musu ana kiran sa sau ɗaya ga kowane layi, don haka zagaye ne da ya sauya riga. Amfaninsu shi ne tsabtar rubutu da tanadin wurin sakamako. Na biyu, zagayen for na yau ba na da ba ne. Luke Tierney ya shigar da mai fassara umarni zuwa gajeren tsari a fitowa ta 2.13.0 a 2011, kuma tun 3.4.0 a 2017 yana aiki da kansa ba sai an kunna shi ba. Zagayen da aka tanadar masa wuri, wanda ba ya taɓa jadawali a cikinsa, yana da sauri gwargwado. Ba zagayen ne abin tuhuma ba, abin da aka cusa a cikinsa ne.

Abin da ka cusa a cikin naka kuwa shi ne zaƙulo layukan kowane rukuni. Duk lokacin da ka ce a ba ka layukan da rukuninsu ya yi daidai da g, R yana duba dukkan layuka miliyan 10, ya gina jerin i-ko-a'a mai tsawon miliyan 10, sannan ya kwafo waɗanda suka dace. Ka ninka wannan da rukunai 50,000, ka samu kwatance biliyan 500. Nan ma sa'o'inka suka tafi, kuma ko da C++ ka rubuta wannan tsari, biliyan 500 ɗin suna nan ba su ragu ba. Hanyar da ta dace ita ce a bi bayanan sau ɗaya, ko 'yan lokuta kaɗan, a san mazaunin kowane rukuni, sannan a yi lissafin. Wannan shi ne abin da data.table na Matt Dowle yake yi idan ka rubuta dt[, .(m = mean(kima), v = var(kima)), by = rukuni], har ma ga umarnai irin su sum, mean da var yana da nasa hanyoyin na ciki da suke lissafa dukkan rukunan ba tare da komawa wurin tafinta ba. Da dplyr na Hadley Wickham za ka yi haka da group_by da summarise, wanda mutane da yawa suka fi jin daɗin karantawa, kodayake idan rukunai suka yi yawa sosai data.table yakan tsere masa. Layi ɗaya ke nan ya maye gurbin zagayen da rbind ɗin gaba ɗaya.

Haka nan idan kana yawan neman layi ta lambar shaida, ko kana haɗa jadawali biyu, setkey yana jera bayanan sau ɗaya, daga nan kowane nema ya koma raba-biyu: a duba tsakiya, a watsar da rabin da bai dace ba, a sake. A cikin layuka miliyan 10 wannan bai wuce matakai 24 ba. Gargaɗi ɗaya a kan data.table: alamar := tana sauya jadawali a inda yake ba tare da kwafi ba, kuma nan ne saurinta ya fito, amma idan sunaye biyu suna nuni ga jadawali ɗaya, sauyin zai bayyana a dukkansu. Wanda ya saba da halin R na yau da kullum yakan sha mamaki a nan, don haka idan kana son kwafi na gaske sai ka kira copy da kanka.

Batun cikar ma'ajiya lissafi ne da za ka iya yi a takarda. Layuka miliyan 10 sau ginshiƙai 20 sau bayit 8 sun ba da gigabayit 1.6. Wannan bai isa ya cika kwamfuta mai gigabayit 8 ko 16 ba, amma kwafi uku ko huɗu na wucin gadi sun isa. Saboda haka tambayar farko ita ce ko kana buƙatar ginshiƙan 20 duka. Idan huɗu kawai lissafinka yake taɓawa, ka gaya wa fread, umarnin data.table mai karanta CSV, ta hanyar select ya karanto su kaɗai, nauyin ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin biyar tun daga bakin ƙofa. Ka kuma faɗa masa nau'in kowane ginshiƙi maimakon ka bar shi ya yi hasashe. Cikakkiyar lamba tana cin bayit 4, rabin mai ɗigo, sai dai iyakarta 2,147,483,647, kuma lissafin da ya haura wannan yana komawa NA, alamar da R yake sawa inda babu ƙima. Lambobin shaida masu tsawo su ma tarko ne: lamba mai ɗigo tana riƙe alƙaluma 15 zuwa 16 ne kawai daidai, kuma sifilin da ke gaba yana ɓacewa idan aka karanta shi a matsayin lamba, don haka ya fi aminci a bar su a matsayin rubutu. 

CSV rubutu ne zalla, kuma duk lokacin da aka buɗe shi sai an sake fassara kowane harafi zuwa lamba. Idan za ka karanta fayil ɗin fiye da sau biyu, ka juya shi sau ɗaya zuwa Parquet, tsarin da ya fito a 2013 wanda yake ajiye bayanai ginshiƙi-ginshiƙi a matse tare da nau'insu, ta yadda mai neman ginshiƙai huɗu ba ya taɓa sauran 16 a kan faifai. Ƙunshin arrow yana karanta shi a R. Idan wata rana bayanan suka fi ƙarfin ma'ajiyar da gaske, DuckDB, wanda Hannes Mühleisen da Mark Raasveldt suka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, yana iya tace Parquet ko CSV ya tattara rukunai da SQL, yaren yi wa rumbun bayanai tambaya, ya miƙo maka ƙaramin sakamakon kawai, kuma ba ya buƙatar a kafa masa wata uwar garke.

Akwai wani ɓangare da ya shafi masu ƙididdiga musamman, inda neman sauri yake iya ɓata amsa. Tunda ka ambaci ma'aunin warwatsuwa, wata rana za ka ji sha'awar lissafa shi a bi ɗaya ta hanyar tara lambobin, da tara murabba'ansu, sannan a ɗebe. A algebra wannan daidai ne, amma a kwamfuta yana da haɗari. Idan lambobinka suna kusa da biliyan ɗaya kuma bambancin da ke tsakaninsu 'yan ɗaiɗaiku ne, murabba'ansu suna kaiwa alƙaluma 19, sun wuce abin da lamba mai ɗigo take riƙewa, kuma ɗan bambancin da kake nema yana cikin alƙaluman da aka zubar. Sakamakon yana iya fitowa ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa ga wannan ma'auni. Ko dai ka bar var ya yi aikinsa, domin yana fara ɗebe matsakaici kafin ya yi murabba'i, ko kuma ka yi amfani da hanyar da Welford ya wallafa a 1962, wadda take sabunta matsakaici da jimillar karkata a kowace sabuwar lamba. Haka abin yake a lissafin matiriks: solve(A, b) ya fi solve(A) %*% b sauri da daidaito, crossprod(X) ya fi t(X) %*% X, kuma lm da gangan yake bin hanyar rarrabawa ta QR maimakon juya X'X, domin juyawar tana ninka raunin lissafi idan ginshiƙan suna da kusanci da juna. Idan kana kiran lm sau dubbai, misali wajen sake ɗiban samfuri, mafi yawan lokacin yana tafiya a kan fassara dabarar da gina matiriks, don haka ka gina matiriks ɗin sau ɗaya a wajen zagayen da model.matrix, ka riƙa kiran lm.fit a ciki. Wannan ƙa'ida ta fitar da abin da ba ya sauyawa daga cikin zagaye tana aiki a ko'ina.

Raba aiki tsakanin cibiyoyin firosesa shi ne abin da mutane suke fara gudu zuwa gare shi, kuma ni nakan sa shi kusa da ƙarshe. Gene Amdahl ya bayyana iyakarsa tun 1967: idan kashi 80 cikin ɗari na aikin ne kawai yake rabuwa, cibiyoyi 8 za su ba ka saurin da bai wuce ninki 3.3 ba, kuma ko cibiyoyi dubu ka samu ba za ka haura ninki 5 ba. Ƙari a kan haka, kowane ma'aikaci yana iya buƙatar nasa kwafin bayanan, wanda ga mai fama da cikar ma'ajiya ƙara wa wuta fetur ne. Umarnin mclapply yana rage wannan a Linux da macOS ta hanyar barin ma'aikata su yi tarayya a ma'ajiya ɗaya har sai wani ya sauya wani abu, amma a Windows ba ya raba aiki. Idan kuma lissafin yana ɗiban lambobin kaddara, set.seed na yau da kullum bai wadatar ba. Ana buƙatar janareta irin L'Ecuyer-CMRG, ta clusterSetRNGStream misali, domin kowane ma'aikaci ya samu nasa zaren daban kuma a iya maimaita sakamakon gobe.

C++ yana da gurbinsa, amma ƙarami ne. Akwai lissafin da kowane mataki ya dogara da wanda ya gabace shi, kamar sarƙar Markov ko kwaikwayon da yake tafiya lokaci bayan lokaci, wanda ba ya karɓar a yi shi a kan jeri baki ɗaya. A nan Rcpp, wanda Dirk Eddelbuettel da Romain François suka raya, yana ba ka damar rubuta wannan zagaye ɗaya kawai, wataƙila layuka 20, ka kira shi daga R kamar kowane umarni. Ba ka buƙatar ƙwarewa a yaren baki ɗaya domin wannan, sai dai ka tuna cewa ƙirga gurabe a C++ daga 0 yake farawa, kuma idan ka wuce ƙarshen jeri ba lallai ne a yi maka gargaɗi ba. Aikin da ka bayyana ba ya cikin wannan aji.

Duk gyaran da za ka yi, ka fara ajiye sakamakon tsohon shirin a kan ƙaramin yankin da ka yi awo da shi, domin ya zama ma'aunin sabon. Ka kwatanta su da all.equal, ba da identical ba, saboda sauya jerin da ake tara lambobi masu ɗigo yana sauya alƙaluman ƙarshe, kuma all.equal yana yafe bambancin da bai kai kusan 1.5 cikin miliyan 100 ba. Inda sabon shiri da tsoho suka fi saɓawa shi ne a gefe-gefe, don haka ka tabbatar yankin gwajin ya ƙunshi rukuni mai layi ɗaya tak, inda var yake ba da NA, da layukan da sunan rukuninsu kansa NA ne, waɗanda data.table yake tara su a rukuni guda alhali split da tapply suna watsar da su. Ka kuma lura cewa by yana fitar da rukunai bisa jerin da suka fara bayyana, keyby kuwa yana jera su, don haka sai ka jera sakamakon biyu iri ɗaya kafin ka kwatanta.